Canza furosesa ko canza man sanyaya, wanne ne maganin zafin laftop?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya jiya da daddare kan HP EliteBook 8470p ɗinka mai Core i5, ka ce zafi take har ba ka iya ɗora ta a cinya, fanka na ta ihu kamar janareto, wani lokacin ta ɗauke ɗif kana tsakiyar aiki, kuma wani a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya ce ka sa furosesa i7 kawai a wuce wajen. Toh bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe, dan ni ma na taɓa ƙonewa a kan wannan maganar.

Abun da ka lissafa duk ciwon zafi ne, ba ciwon ƙanƙantar furosesa ba. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen da ke kwashe zafi zuwa fanka akwai wani mai launin toka da ake shafawa, masu gyara na ce masa tamal fes, aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani dan zafin ya wuce. Injin naka ɗan 2012 ne, in ba a taɓa canza man ba wlh yanzu ya bushe ya zama kamar siminti, ga ƙurar Legas da gumi da hayaƙin janareto sun haɗu sun yi bargo a bakin fanka. In furosesan ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu dan kar ya ƙone, in abun ya ƙi sai ya kashe kansa. Wannan nauyin da kake ji kenan.

Canza mai: kuɗi kaɗan, aikin da bai wuce awa ɗaya ba. A cire batir da caja, a kwance sukurorin hitsink, wato jan ƙarfen nan mai kwashe zafi (akwai lamba 1 zuwa 4 a jikinsu), a goge tsohon man tas da sifirit, a fitar da ƙurar fanka, sannan a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa a baza shi siriri ya rufe fuskar gaba ɗaya, saboda furosesan laftop tsirara yake ba shi da murfin ƙarfe irin na destop. Wajen ɗaurewa a bi lambobin nan kaɗan kaɗan, in ka danne gefe ɗaya da ƙarfi zai iya tsagewa. Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 sun ishe ka, wutar lantarki ba ta bi ta jikinsu ko da ya ɗan zuba gefe. Wancan da ake kwasa daga babban gwangwani marar suna, ni dai ban yarda da shi ba. Kuma dan Allah kar a sa man goge baki, na ga mai yi.

Canza furosesa kuma wani dogon zance ne. Kai ka ci sa'a naka jenareshon na 3 ne, yana kan soket, sukuru ɗaya za a juya ya fito. Amma daga jenareshon na 5 zuwa sama duk an liƙe su da dalma a jikin madabod, irin su EliteBook 840 G3 ɗin nan da suka cika kasuwa babu zancen cirewa, duk wanda lambar nasa ta ƙare da U ma ya haƙura. Sannan i7 suna suka tara. i7-3520M kwa biyu ne (kwa su ne ƙananan ƙwaƙwalwan da ke aiki a cikin furosesa) kamar i5-3320M, bambancin gudunsu kaɗan ne, asarar kuɗi ce. i7-3720QM shi ne mai kwa huɗu, yana da ƙarfi gaskiya amma wat 45 yake ci, naka kuwa 35, kaga injin da ya kasa fitar da zafin 35 ka ƙara masa 10. Haka aka yi min a Ikeja shekarun baya, na sha gosulo daga Agege na biya kuɗi na dawo, kwana biyu ta koma ɗaukewa fiye da da, ashe ko fankar mutumin bai buɗe ba. In dole sai mai kwa huɗu, nemi i7-3632QM, shi wat 35 ne. Duk tokumbo ne fa, cirowa ake daga wani injin, sai an gwada a gabanka. Kuma ko ka sa shi tana nan a jenareshon na 3, Windows 11 a ƙa'ida daga na 8 yake karɓa.

Wani abu da mai i7 ɗin bai faɗa maka ba, ko an canza furosesan dole a shafa sabon mai, kenan aikin farko yana cikin na biyu.

Ni a wajenka man zan fara. Sauke HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin injin, kyauta ne, duba digirin kafin aiki da bayan aiki. In zafi ya sauka amma har yanzu tana jan ƙafa wajen buɗe abu, kuɗin i7 ɗin zuba shi a SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) da RAM 8GB in har hard disk ɗin tsohon mai juyawa ne. Sai dai in edita ne kai mai haɗa bidiyo, nan kwa huɗu zai yi maka rana. In za ka Otigba, can Computer Village ɗin, ka sayi man da kanka a rufe, ka tsaya a kan mai gyaran har ya gama, sannan ka turo mana lambar da HWMonitor ya nuna.