Lesin Fiziks a Agege da tambayar jan igiya

Iyayen da ke tambayata inda 'yata ke zuwa lesin Fiziks kafin WAEC, wani ɗaki ne a saman bene a Agege da ke Legas, ba nisa da Pen Cinema. Malami ɗaya ne, kuma ya san aikinsa.

Abin da ya sa na yarda da shi tambayar jan igiya ce, wadda ta daɗe tana ba yarinyar wahala. Ƙungiya biyu, kowacce na ja da ƙarfin niyuton 500 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi a Fiziks), igiya ba ta gusa ba: nawa ne ƙarfin da ke jikin igiyar? Ita 1000 take rubutawa, ƙawarta kuma sifili. Amsar 500 ce.

Malam bai tsaya ga allo ba. Ina zaune a bayan aji ina jiran a tashi, ya ɗauko sikelin ƙugiya irin na mahautan Oko-Oba, ya ɗaura shi a tsakiyar igiya. Yara biyu suka ja, allura ta tsaya a kilo 10, kusan niyuton 100 ke nan. Sai ya zaunar da ɗaya, ya ɗaure bakin igiyar a ƙarfen taga, ɗayan ya ja kamar ɗazu. Kilo 10 ɗin dai. Tagar ma ja take yi daidai yadda aka ja ta, dokar Newton ta uku da ya fitar tun 1687.

To wa ke cin wasan, tunda da ƙarfi ɗaya igiya take jan kowa? Ya sa wani ƙaton yaro ya tsaya da safa a kan tayil, wata siririyar yarinya da takalmin roba. Ta janyo shi yana sulɓewa. Wanda ƙasa ta fi riƙe wa ƙafa shi ke da nasara. A hanyar gida 'yata ta ce, "Baba, yanzu ko an juya tambayar zan gane ta."

Sai dai ɗakin ya yi ƙanƙanta. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, zafi ya dame su, ga ƙarar janareton maƙwabta. Turancin Malam ma da sauri, amma in yaro ya ɗaga hannu yakan maimaita da Hausa. Kuɗin wata ake biya tun farko. Ajin Asabar cunkoso gare shi, wanda ke da hali ya sa ɗansa na yammacin ranakun aiki.