Debe Hoto daga Hoto, ko Barin Kwamfuta ta Haddace Filin?

Kyamarar tsaro da ke kallon ƙofar gida takan ɗauki hoto 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Hanya mafi sauƙi ta gano motsi ita ce a debe hoton baya daga na yanzu, ɗigo bayan ɗigo (wato ƙananan ɗigogin launi da suka haɗu suka yi hoton). Duk inda bambancin ya yi yawa, to wani abu ya gifta. Ba ta da nauyi, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi za ta iya da ita. Sai dai mantuwa gare ta. Mutum ya tsaya cak yana duba waya, shi ke nan ya ɓace mata. Farar mota mai wucewa kuwa gefunanta kawai za ka gani, tsakiyar wayam.

Hanya ta biyu tana da haƙuri. Kwamfuta takan zauna ta koyi launukan da kowane ɗigo ya saba nunawa, abin da ya saɓa musu shi ne baƙo. Masu bincike Stauffer da Grimson ne suka fito da dabarar a 1999, wani mai bincike Zivkovic ya inganta ta a 2004, ingantacciyar ita ce ake kira MOG2 a cikin OpenCV (manhajar sarrafa hoto da bidiyo), wadda ke tuna hotuna 500 idan ba ka taɓa saitin ba. Reshen darbejiya ya yini yana kaɗawa, za ta saba da shi ta daina ihu. Har inuwa takan ware da ruwan toka.

Ita ma ba a rasa ta da cikas. A kunna fitila farat ɗaya, duk hoton ya zama “motsi”. Motar da ta daɗe a fake ta tashi, sai fatalwarta ta rage a wurin na ɗan lokaci.

Ni dai a tsakar gida mai bishiya MOG2 zan ɗauka, muddin kyamarar a kafe take.