Mega Drive ta gwanjo a Garwa: wasannin da suka sa ta aikin da ba a ƙera ta dominsa ba

Mega Drive ɗin da na saya, wato na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sega, samfurin farko ce, baƙa mai faɗi, wadda aka rubuta 16-BIT da ruwan zinare a samanta, mai ramin abin saurare a gaba da ɗan maɓallin ƙara murya. A wani shagon kayan gwanjon Turai na tsince ta, kusa da babbar kasuwar Garwa, an jibge ta tsakanin duwatsun guga da matattun rediyoyi. Bayan ciniki muka tsaya a jaka goma sha biyar, har da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, da abin saka wuta. Kaset kuwa daban na nemo, irin maras sunan nan ɗan China da ake cusa wa wasanni fiye da ɗari a ciki.

Ba kewar ƙuruciya kaɗai ta sa na kashe kuɗin ba. Mu da muka taso a gidajen gem na unguwa, abin da muka sani na Sega bai wuce Sonic da Mortal Kombat da Street Fighter da ƙwallo ba, don su ne ke kawo wa mai shago ciniki. Akwai wasu wasannin da ba su taɓa isowa gabanmu ba, waɗanda masana ke cewa sun matse na'urar har ta ba da abin da ba ta da shi. Su nake son gani da idona, a kan na'urar kanta, ba a waya ba.

Sai an san talaucin Mega Drive kafin a gane gwanintar. Sega ta fito da ita a Japan a 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta iso Turai a 1990. Ƙwaƙwalwarta Motorola 68000 ce, mai gudun megahaz 7.6, kuma wurin aikinta duka kilobait 64 ne. Hoton fasfo guda a wayarka ya fi haka nauyi. Launuka 512 ta sani, amma kusan 60 kawai take iya nunawa a lokaci ɗaya. Ba ta iya juya hoto, ba ta iya kusanto da shi ko nisanta shi. Kishiyarta Super Nintendo tana nuna launuka 256 daga cikin 32,768, kuma an gina mata juya shimfiɗa tun daga masana'anta. Abin da Sega ta fi ta da shi gudu ne, don ƙwaƙwalwar Nintendo ba ta wuce megahaz 3.58. Saboda haka duk inda ka ga abu yana juyawa a Mega Drive, wani ne ya zauna ya yi wa na'urar wayo.

Kafin na kai ga more wasa sai da na je wajen mai gyara. Na'urar Turai an saita ta ne a kan hoto 50 a daƙiƙa, ta Amurka da ta Japan kuwa 60, shi ya sa Sonic na farko ke tafiya da nawa a tamu, kiɗan ma yana jan ƙafa, ga baƙin ɗamara sama da ƙasan allo. Bambancin ya kai kusan kashi 17 cikin 100. Ga wasu wasannin da ke cikin kaset ɗin na Amurka ne, da na kunna sai su rubuto cewa ba na yankina ba ne, su tsaya cak. Wani dattijo mai gyaran talabijin ya buɗe ta, ya busa ƙurar da ke ciki, ya ɗauko reza ya yanke siraran layuka biyu a jikin faifan, ya narka dalma ya jona wayoyi zuwa ƙananan makunnai biyu da ya huda wa gurbi a gefe. Na ce, "Baba, ba za ta ƙone ba?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaro, na gyara irinta kafin ka yi gemu." Yanzu ina tura makunni ɗaya in ji kiɗan Sonic ya zabura a tsakiyar wasa, baƙin ɗamarar ta ɓace. Duk wanda ya sayi ta Turai, kada ya yi ƙyashin kuɗin wannan aiki.

Gunstar Heroes ne na farko a wurina, kuma da nisa. Kamfanin Treasure ya yi shi a 1993, wasansu na farko da ya fito bayan masu shi sun bar kamfanin Konami sun kafa nasu a 1992. Kaset ɗin megabit 8 ne, wato megabait ɗaya tak. Wayon da suka yi shi ne, tunda na'urar ba ta iya juya babban hoto, sai suka daina zana dodo a dunƙule. Suka gina shi da ƙananan gutsattsari kamar 'ya'yan carbi a zare, ƙwaƙwalwar tana lissafa inda kowane ɗa zai tsaya a kowane ƙiftawar ido. Sai ka ga hannu yana lanƙwashewa, jela tana kaɗawa, alhali babu guntu ɗaya da ya juya. Matsawa kawai suke yi. A matakin ramin ma'adinai, kana cikin ƙaramar amalanke tana gudu, wani bos, wato babban dodon matakin, mai suna Seven Force zai biyo ka. Yanzu mutum ne mai gudu da ƙafa biyu, ka rage masa jini sai gaɓoɓinsa su warwatse a iska su sake haɗuwa ya zama damisa, can ya zama gaggafa, can ƙaguwa, can ƙatuwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi. Siffa bakwai, idan ka zaɓi mataki mai wuya. Ramin da kansa yana sauyawa daga kwance zuwa tsaye. Mu biyu muke yi da ɗan yayata, kowa yana ɓarin wuta, abubuwa suna fashewa ko'ina, kuma da kyar ka ji na'urar ta yi nishi. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran shi ne duk wannan ƙwarewa wasan take yi wa aiki. Kowace siffa da irin kaucewar da take buƙata. Makamai huɗu ne, kana haɗa biyu su ba ka wani sabo, kuma zaɓinka yana sauya yadda za ka tunkari dodon. Yaron nan da ya saba da wasannin waya bai tambaye ni shekarun gem ɗin ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, a sake."

Konami ma ba ta zauna ba. A 1994 ta fitar da biyu da suka cancanci zama a nan. Contra: Hard Corps yana da wurin da kake gudu a kan titi kana fuskantar mai kallo, wani ƙaton mutum-mutumi yana bin ka a baya, yana matsowa yana girma, titin yana zubowa ƙarƙashin ƙafarka. Na Amurka harbi ɗaya ka mutu. Na Japan yana ba ka jini uku da damar ci gaba ba iyaka, don haka idan kaset ɗinka yana da shi, shi za ka zaɓa. A Turai an mai da mutanen wasan mutum-mutumi aka sa masa suna Probotector.

Ɗayan shi ne Castlevania: Bloodlines, kuma shi ya fi nuna dabarar da kusan duk waɗannan wasanni ke rayuwa a kanta. Tsohuwar talabijin layi-layi take zana hoto, daga sama zuwa ƙasa, kuma hoton Mega Drive layuka 224 ne. Mega Drive tana barin mai tsara wasa ya tura kowane layi hagu ko dama shi kaɗai. Ka tura na sama da yawa, na ƙasa kaɗan, sai gini ya karkace. A matakin hasumiyar Pisa ta Italiya haka suka yi: kana hawa, hasumiyar tana rangaji hagu da dama, kuma ƙafarka tana jin santsin karkatar. A matakin Girka ruwa yana hawa yana sauka, hoton ginshiƙai yana rawa a cikinsa. A fadar ƙarshe sai suka yayyanka allon gida-gida suka goce kowane yanki, ƙafafunka a nan, kanka a can, dole ka daina yarda da idonka. Ba shi da hayaniyar Gunstar, amma ya fi shi natsuwa, kuma kiɗan Michiru Yamane ya zauna daram a kan ƙwaƙwalwar sauti ta Yamaha da ke cikin na'urar.

A nan ne zan yi maganar talabijin. Da farko a fulasma na jona ta, hoton ya fito da kaushi, ɗigo-ɗigo ko'ina. Da na aro tsohuwa mai ƙusumbi sai komai ya koma daidai. Masu zanen sun san launukansu kaɗan ne, sai suke jera ɗigon launi biyu a jere suna dogara da cewa talabijin za ta narkar da su su zama launi na uku. Ruwan da ke zubowa daga dutse a Sonic na farko sirara ne na tsaye a fulasma, amma a tsohuwar talabijin ruwa ne garau da kake hango abin da ke bayansa. Irin waɗannan talabijin yanzu a banza ake sayar da su a wajen masu gyara.

Sai rukunin 'yan nuna isa. Red Zone na 1994 wasu matasa 'yan Danmak ne suka yi shi, kamfaninsu Zyrinx. Kafin wasa ya fara sai da suka rubuta a allo jerin abubuwan da suka cim ma, suka ƙara da cewa babu wani ƙarin kayan aiki a cikin kaset ɗin. Kuma gaskiyarsu ne: akwai ɗan bidiyo mai motsi cikin ja da baƙi, kuma idan ka tashi da jirgi mai saukar ungulu, ƙasa gaba ɗaya ce ke juyawa a ƙarƙashinka, abin da aka ce sai Super Nintendo. Na jinjina musu, amma wasan kansa bai riƙe ni ba. Mai yana ƙarewa, harsashi yana ƙarewa, kuskure kaɗan a koma farko.

The Adventures of Batman & Robin na 1995 ya fi shi ban mamaki, ya kuma fi shi gajiyarwa. Gine-ginen birni suna da zurfi, kana wucewa kana ganin gefensu yana sauyawa, kuma a matakin Mad Hatter hanya tana miƙewa cikin allo tana lanƙwasa. Kiɗan Jesper Kyd, wanda shi ma ɗan Danmak ne kuma shi ya yi na Red Zone, sai ka sa abin saurare a ramin nan na gaba za ka san na'urar tana da ƙirji. Matsalar ita ce matakan ba sa ƙarewa. Akwai inda za ka yi ta shawagi a sama kana harbin abu iri ɗaya har babban yatsanka ya yi sanyi. Kuma ba a ajiye inda aka tsaya. A watannin zafi, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya ake yawan ɗauke wuta, wasa irin wannan neman ɓacin rai ne.

Vectorman na 1995 amsar Sega ce ga Donkey Kong Country da Nintendo ta girgiza kasuwa da shi a 1994. Jarumin ƙwallaye ne fiye da 20 da ke tafiya tare, motsinsa sumul, harbinsa yana haska bangon da ke kusa. Yana da kyau, sai dai duhunsa ya yi yawa. Toy Story na shekarar yana da mataki guda da kake kallo ta idon ɗan wasan kana ratsa lunguna, abin da a lokacin aka fi gani a kwamfuta. Comix Zone zane ne tsantsa, hannun mai zane yana shigowa ya zana maka abokin gaba a gabanka. Masu son ƙwallo kuma su nemi International Superstar Soccer Deluxe, wanda kamfanin Factor 5 ya kawo shi kan Mega Drive a 1996 har da muryar mai sharhi. Kamaru na ciki, Nijeriya na ciki, sunayen 'yan wasan ne kawai na ƙirƙira. Wannan ne ke tara mana jama'a a zaure bayan isha'i, kuma rigimar wa zai ɗauki Kamaru ba ta ƙarewa.

Kaset ɗin ɗan China yana da nasa halin. Jerin sunayen cike yake da maimaici, wasa ɗaya sau uku da suna daban. Bakinsa ya fi na asali kauri, sai an danna da ƙarfi, kuma wasannin da ke ajiye ci gaba ba sa ajiyewa a cikinsa. Lokacin hunturu ƙura tana hana shi kamawa. Auduga da ɗan ispirit a goge haƙoransa ya fi busa masa iska da baki, don yawu tsatsa yake kawowa. Manet ɗin da suka zo da na'urar masu maɓalli uku ne, sun isa duk wasannin da na lissafa, Street Fighter ne kawai ke son mai shida. Abin saka wutar yana ɗaukar zafi sosai, ni dai ta cikin regilato nake jona shi, kuma a kula, na samfurin farko da na biyu ba sa musanya.

Wasa ɗaya ne na nema na rasa, kuma ba zai taɓa zama a irin wannan kaset mai araha ba. Virtua Racing na 1994 shi kaɗai ne Sega ta saka wa ƙarin ƙwaƙwalwa a cikin kaset ɗinsa, mai suna SVP, ƙirar Samsung, domin ta amsa Star Fox da Nintendo ta fitar a 1993 da irin wannan dabara. Motocin tsere ne masu cikakkiyar siffa, filaye uku, kusurwar kallo huɗu, kuma an sayar da shi dalar Amurka 100, kusan kuɗin na'urar kanta a lokacin. A ma'aunina bai kai Gunstar Heroes daraja ba, tunda shi taimako aka kawo masa daga waje, amma ina son in gan shi yana gudu a kan wannan baƙar akwatin. Idan akwai mai asalin kaset ɗin a Marwa ko Ngaundere, ko wani ɗan kasuwa mai shiga Mubi ya ci karo da shi, ina saye, in dai za a bar ni in gwada shi kafin in biya.