Hattara da masu tallan "bindigar da kakana ya dawo da ita daga yaƙi"

Jama'a masu tara tsoffin bindigogin soja, don Allah ku buɗe ido, akwai salon damfarar da ke yawo a intanet kuma wallahi sababbin shiga ake yi wa kwasar karan mahaukaciya. Mutum zai sa hoton Mauser K98k, bindigar sojojin Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, tsaf-tsaf, ya ce kakansa ne ya ƙwato ta a hannun sojan Jamus, ya haɗa da wata takarda da aka jiƙa ta yi ja kamar ta tsufa, sai ya ce ka tura kuɗi yau-yau don wai akwai mutum uku a layi. Kana cewa ya ɗauko maka sabon hoto da takarda mai kwanan watan yau a gefen bindigar sai ka ji kame-kame, saboda hoton ma na wani ne ya sato.

Wanda ya fi ban haushi shi ne mai bindigar a hannu amma ya yi mata kwaskwarima. A lokacin yaƙin da kuma ƙarshensa a 1945 Tarayyar Sobiyet ta kwashe K98k masu ɗimbin yawa, aka wargaza su aka sake harhaɗawa, shi ya sa za ka ga alamar X a jiki, da lamba a kan sakatar ɗana harsashi an rubuta ta da alƙalamin lantarki, rubutun a karce ba bugawa ba. To irin waɗannan bindigogin ne 'yan damfarar suke saye, su goge X ɗin, su buga lambobi su yi daidai ko'ina, wasu har su ƙara tambarin ƙoƙon kai na SS, dakarun musamman na 'yan Nazi, don farashi ya tashi. Ka shafa wajen da yatsa, in ka ji ƙarfen ya ɗan lotsa ko launinsa ya bambanta da na kewaye, an yi aiki a wurin. Sannan ka duba shekara: "byf" alamar masana'antar Mauser ta Oberndorf ce kuma sai 1941 aka fara amfani da ita, duk wanda ya nuna maka byf da 1937 ai ramin ƙarya ƙurarre ne.

Haka Martini-Henry ta Ingila, wadda aka fara ba sojoji a shekarun 1870. Maƙeran yankin Khyber tsakanin Pakistan da Afganistan sun daɗe suna kwaikwayonta da hannu, za ka ga kambi da VR na Sarauniya Biktoriya amma shekarar ta wuce 1901, alhali a Janairun 1901 ta rasu, wani lokacin harafin N na kalmar Enfield, sunan masana'antar Ingila mai ƙera ta asali, ma a juye. Ni ban ga laifin mallakar irinta ba in an faɗa maka gaskiya, tana da nata tarihin, amma kada ka kuskura ka harba ta, ƙarfen ba shi da tabbas, tana iya fashe maka a fuska.

Jungle Carbine kuma, wato gajeriyar bindigar Ingila Lee-Enfield No. 5, da yawa doguwar 'yar'uwarta No. 4 ce aka datse. A cire katakon sama a duba gindin bututun, ta asali an fafe ƙarfen wajen don rage nauyi.

Kada ka biya ta katin kyauta ko kirifto ko wata hanyar da kuɗi ba ya dawowa. Ka bi ta dillali mai lasisi, ka san dokar ƙasarka kafin a yi maganar aikowa, kuma in mai sayarwa ya ƙi yarda masani ya duba ta kafin ciniki, ka bar masa kayansa.