Wata huɗu ina amfani da akwatin sauya layin sauti mai kafa huɗu

Sifikuna irin masu amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a ciki ne, wuta kawai suke buƙata da layin sauti. Aibinsu ɗaya: kafar shiga guda ce tak a bayansu, ta RCA, ja da fari. Ni kuwa na'urori huɗu nake so in riƙa ji ta cikinsu: talabijin, kwamfuta, na'urar CD, da wani tsohon garmaho da na gada. Kullum ina durƙushe a bayan tebur, cire wannan cusa wancan, har kafar ta soma yin sako-sako.

Da farko na yi dabarar da ba ta haifi ɗa mai ido ba. Na samo wayar nan mai reshe biyu, na jona kwamfuta da CD a kafa ɗaya. Nan take sauti ya dushe. Ashe an yi ta ne don raba sauti ɗaya zuwa wuri biyu. In ka juya ta, kowace na'ura tana tura siginarta cikin 'yar'uwarta, kuma hakan yana iya lahanta su.

Sai na sayi ɗan akwatin nan mai arha: kafar shiga huɗu, ta fita ɗaya, maɓalli huɗu a gaba. Ba ya cin wuta ko batir, domin makunni ne kawai a cikinsa. Ka danna lamba 2, layi na biyu ya haɗu da sifika, shi ke nan. Na gwada CD kai tsaye, na sake gwadawa ta cikin akwatin, kunnena bai ji bambanci ba.

Wahalar da na sha daga na'urorin ta fito. Garmaho ne ya fara: na ƙure murya amma da ƙyar ake ji, ga sautin siriri babu kauri. Allurar garmaho 'yan milivolt kaɗan take bayarwa, alhali na'urar CD takan kai kusan volt 2. Kuma tun wajen yanka faifai ake rage sauti mai kauri, a ƙara mai kaifi, bisa ma'aunin da masu yin faifai ke bi mai suna RIAA, don haka dole a sa ƙaramin amfilifaya na garmaho tsakaninsa da akwatin ya mayar da komai daidai. Wasu sababbin garmaho da nasu suke zuwa a ciki, sai mutum ya duba kafin ya saya.

Talabijin kuma ba shi da RCA na fita, sai kafar haske da ake kira oftikal. Na haɗa shi da ƙaramin DAC, mai juya sautin dijital zuwa wanda sifika ke ganewa. Daren farko tsit, sai wani shuuu. Har na fara tunanin mayar da kaya, sannan na shiga saitin talabijin na sauya fitar sauti daga tsarin Dolby Digital zuwa PCM, tsarin sautin dijital mai sauƙi, ya kama. Yawancin ƙananan DAC ba sa iya warware sautin Dolby Digital.

Na ukun shi ne ƙugi a layin kwamfuta, irin na wutar gida mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa, wanda ke tasowa idan na'urori suna jone a soket daban-daban. Da na tattara fulogansu wuri ɗaya, na kuma nesanta wayoyin sauti da na wuta, ya ragu ƙwarai.

Abin da nake ƙi da akwatin kansa biyu ne. Ba shi da rimot, sai ka tashi. Kuma ba ya daidaita ƙarfin murya: in ka baro talabijin ka faɗa CD ba ka rage ba, sai gidan ya ɗauka. Sau ɗaya hakan ta faru da tsakar dare, yanzu hannuna kan maragin murya yake fara zuwa kafin maɓalli. Ga shi kuma sakayau, nauyin wayoyi na janyo shi baya, sai da na liƙe shi da tef.

Wanda yake son jin na'ura biyu a lokaci ɗaya, misali waƙa da ƙararrawar saƙon kwamfuta, ƙaramar mikisa, wato na'urar gauraya sautuka, ce ta dace da shi, ita da marage na kowane layi. Ni abu ɗaya nake saurare a lokaci guda, saboda haka akwatin ya ishe ni, kuma tun ranar da na gama haɗa komai ban sake leƙa bayan teburin nan ba.