Gargaɗi ga sababbin masu zubin harsashi: ku kiyayi shafin da ya ce yana da komai

Wannan rubutun na wanda ya fara koyon zuba kan harsashi da dalma ne, da sake cika kwanson da ya harba, musamman na doguwar bindiga. Ni ma ina sabon shiga aka damfare ni, kuma har yau dabarar tana yawo, suna kawai suke sauyawa.

A shekarar 2020 firaima ta yi ɓatan dabo a Amurka. Ga wanda bai sani ba, ita ce ɗan ƙarfen nan da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke doka ya tayar da wuta. Kamfanonin da ke yin ta a can a lokacin ba su da yawa: CCI, Federal, Winchester da Remington, ga shi Remington ya karye a shekarar. Abin da suka sarrafa kuma harsashinsu na sayarwa suka fara cikawa da shi. Ni kuwa na riga na sayi na'urar matsawa, da mazubi, da sikeli, da tukunyar narka dalma, na jere su a kan tebur ina kallo kamar kayan ado. Abu ɗaya ya rage, kuma duk inda na leƙa sai a ce ya ƙare.

Wata rana da daddare na ci karo da wani shafi a intanet. Komai akwai. Firaima kwali-kwali mai dubu, albarushi iri-iri har da waɗanda manyan dillalai suka shekara ba su gani ba, da tambarin kamfanoni reras a saman shafin. A nan ya kamata in tsaya, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Ban tsaya ba.

Da na zo biya sai aka ce na'urar karɓar katin banki ta sami matsala, in tura ta Bitcoin, ko katin kyauta, ko ta hanyar nan ta PayPal da ake tura wa 'yan uwa da abokai kuɗi. Duka ukun abu ɗaya ya haɗa su: in kuɗin ya fita, ba wanda za ka kai wa kuka ya dawo maka da shi. Na tura. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo, wai kayana sun maƙale a hannun wani kamfanin jigila, sai na biya kuɗin inshora, kuma za a mayar mini da shi ranar da kaya suka iso. Har da lambar bibiya, wadda ke aiki a shafinsu kaɗai. Nan jikina ya yi sanyi. Na sa adireshinsu a taswira, sai ga fili fetal, ba ko rumfa. Na duba ranar da aka yi wa shafin rajista, bai kai wata guda ba, alhali sun rubuta cewa sun shekara da shekaru suna sana'ar.

Akwai alamar da na gani tun farko na kau da kai. Sun yi alkawarin aiko kaya ta gidan waya, kyauta. A Amurka gidan waya ba ya ɗaukar firaima ko albarushi kwata-kwata. Kamfanonin jigila irin su UPS da FedEx ke kai su ta mota, kuma dillalin gaskiya yana ɗora kuɗin kayan haɗari a kan lissafi tun kafin ka biya. Wanda ya ce zai jefo maka su a akwatin wasiƙa, ko dai bai san dokar ba, ko ba shi da abin da zai aiko.

To amma asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai aiko kayan da gaske. Za ku gan su a zaurukan saye da sayarwa suna tallar albarushi a robar da ba ta da hatimi, an rubuta suna da alƙalami a jiki, wai ragowar wani tsoho ne da ya rasu, ko an kwance shi daga tsofaffin harsasai. Albarushi ba a gane shi da ido. Iri biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya na ƙaramar bindiga mai saurin ƙonewa, ɗaya na doguwa mai ci a hankali. Ka auna mai saurin nan da ma'aunin na doguwar bindiga, ƙarfin da zai taso ya zarce abin da ƙarfen zai iya ɗauka, ga fuskarka a manne da bindigar. Duk alkaluman da ke littafin awon albarushi, da iyakokin da masu tsara ƙa'idojin harsashi, wato SAAMI a Amurka da CIP a Turai, suka gindaya, sun dogara ne da cewa abin da ke cikin gwangwanin shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. In an taɓa buɗe shi a hannun wanda ba ku sani ba, ku bar masa kayansa, ko kyauta ya ba ku.

Dalma ma ana ha'inci a cikinta, ko da yake wannan ɓacin rai ne kawai. Da can masu zubi sun dogara da 'yan ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita taya. Tarayyar Turai ta hana na dalma a 2005, wasu jihohin Amurka suka bi sahu, yanzu yawancin ƙarafan tutiya ne ko baƙin ƙarfe. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, tutiya sai wajen 420. Mai son banza sai ya cika wuta, ya narka su gaba ɗaya, ya zuba sanduna ya sayar da sunan dalma zalla. Na taɓa sayen irinsu. Da suka narke sai saman tukunyar ya yi kauri yana dunƙulewa, mazubi ya ƙi cika, kowane kan harsashi ya fito a yamutse da gefe a dakushe. Tukunyar duka na zubar. Yanzu gara in sayi ƙarafan ba a narka ba in tantance da hannuna: dalma filaya na kama ta ta lotsa, in ta faɗi ƙasa sai ka ji dim, tutiya kuwa tauri gare ta, tana ƙara kamar kwabo, sau da yawa ma an buga Zn, alamar tutiya, a jikinta.

Kuɗina dai bai dawo ba. Shafin ya ɓace bayan 'yan makonni, sai ga wani ya ɓullo da sabon suna da hotuna iri ɗaya, har da kwalin nan mai yagaggen kusurwa da ke layi na biyu a kan kanta.