Wayoyin gwaji na mita: waɗanne ya kamata mai gyaran lantarki a Kano ya saya?

Masu gyaran inbata da haɗa sola sukan zuba kuɗi wajen sayen mita mai kyau, wato na'urar auna volt, amfiya da om, sannan su karɓi duk wayar gwajin da mai shago ya miƙo musu, alhali ita ce hannu yake riƙe da ita lokacin da tsinke, wato ƙarfen bakin wayar, ya taɓa wuta. Ƙa'idar tsaron kayan awon lantarki ta ƙasa da ƙasa, IEC 61010, ta kasa wuraren aiki rukuni-rukuni: CAT II na kayan da ake jonawa a soket, CAT III na allon rarraba wuta da layi uku, CAT IV kuma na inda wuta take shigowa gini daga falwaya. Idan mita CAT III ce amma wayarta CAT II, kariyar gaba ɗaya ta koma CAT II.

Zaɓina shi ne waya mai rufin silikon wadda aka rubuta wa CAT III 1000V da CAT IV 600V, irin wadda kamfanin Fluke yake yi, domin ana gwada wannan rukuni da bugun wuta na volt 8000. Silikon ba ya saurin narkewa idan ƙarfen soda ya goge shi, kuma ba ya sandarewa ya tsattsage da hunturu. Tsinkenta yana da hular da take barin milimita 4 kacal a waje, don kada ya haɗa layi biyu a cikin matsattsen allo, sannan akwai ɗan tudun da yake tare yatsa. Siririyar wayar roba da take zuwa da mita mai arha amfaninta bai wuce gwada batir da rediyo ba.

Mai amfani da osiloskof, na'urar da take zana siffar wuta a allo, ya sani cewa maƙalar ƙasa ta tsinken 10X, mai rage wutar da ake aunawa sau goma, a haɗe take da layin ƙasa na soket, saboda haka maƙala ta a ɓangaren wutar caja, inda kafasita take riƙe da kusan volt 325, yana iya ƙona tsinken da na'urar. Wannan aikin na tsinke mai auna bambanci ne, wato mai auna wuta tsakanin wurare biyu ba tare da an haɗa ɗayansu da ƙasa ba.

Babbar damuwata ita ce jabu. A Sabon Gari akwai na gaske, akwai kuma waɗanda aka buga wa suna da lambar CAT ba tare da wani gwaji ba. Wata da aka sayar mini a matsayin mai ɗaukar amfiya 10 ta yi zafi har ta yi laushi a hannuna, da na yanka ta sai na tarar da silin jan ƙarfe 'yan ƙalilan. Kafin ka biya, ka haɗa tsinken biyu a ma'aunin om: kada awon ya wuce rabin om, kuma kada lambar ta yi rawa idan ka lanƙwasa wayar a gindin filogi. Ka duba ko rubutun CAT yana jikin tsinken, ba a kwali kaɗai ba, kuma filogin ya kasance a lulluɓe da roba har bakinsa. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, ka bar masa kayansa.